Cutar farin hanci ta jemagu da rassan ƙungiyar masu shiga kogo a yammacin Albany, 2006 zuwa yau

Yankin da mutanensa

A yammacin Albany, babban birnin jihar New York ta Amurka, akwai wani yanki na karkara mai gonaki da shanun madara da ƙananan tuddai. Ƙarƙashin gonakin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ruwa ke ci a hankali har ya huda hanyoyi a cikinsa. Shi ya sa yankin ke cike da kogwanni. Ɗaya daga cikinsu an daɗe da mayar da shi wurin yawon buɗe ido, an sa masa fitilu, har da kwale-kwale a kan ruwan da ke gudana a ciki. Sauran kuwa sai da rarrafe cikin laka da ruwan sanyi. Masu sha'awar shiga kogo ba sa son a riƙa bayyana inda kogo yake, gudun maɓarnata da masu shiga ba shiri, don haka a nan ma za a bar kogwannin da rassan ƙungiyarsu ba tare da suna ba.

Uwar ƙungiyar masu shiga kogo a Amurka ita ce NSS, wadda aka kafa a 1941, hedikwatarta kuma tana Huntsville a jihar Alabama. Tana da rassa fiye da 250 a faɗin ƙasar, kowane reshe ana ce masa "grotto", kalmar da asalinta Italiyanci ne, ma'anarta kogo. Reshe yana da tsarin mulkinsa, da shugaba da sakatare da ma'aji da ake zaɓa, yana karɓar ɗan kuɗin shekara, yana taro galibi sau ɗaya a wata, wasu ma suna fitar da 'yar mujalla. Duk shekara yana aika wa uwar ƙungiya rahoto. Rassan da ke maƙwabtaka kuma suna haɗuwa ƙarƙashin shiyya, kamar shiyyar arewa maso gabas wadda wannan yanki ke ciki. Shugabannin reshe duk 'yan sa-kai ne, ba mai karɓar albashi.

Amma ainihin aikin reshe ba a takarda yake ba. A reshe ne sabon shiga ke koyon ƙa'idojin da ke tsare rai: hular kwano a ka, fitila kashi uku a jiki, mutum ba ya shiga kogo shi kaɗai, kuma dole a bar wa wani a waje lokacin da ake sa ran fitowa. A reshe ne ake auna kogo a zana taswirarsa. Abu mafi tsada kuma da reshe ke riƙe da shi shi ne amanar masu gonaki. Yawancin bakunan kogwannin yankin a filayen mutane suke, kuma izinin wucewa ta gonar wani abu ne da ake ginawa shekara da shekaru ta hanyar gaisuwa, da rufe ƙyauren shinge idan an wuce, da kwashe sharar da wasu suka zubar. Wanda ya san yadda makiyayi ke lallaɓa mai gona don ya samu burtali zai gane wannan.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan yanki. Masu shiga kogon sun mallaki wasu kogwannin da kansu. NSS tana da filaye a nan waɗanda 'yan rassan yankin ke kula mata da su, sannan tun 1978 akwai wata ƙungiyar kare kogwanni ta arewa maso gabas, NCC, wadda masu sha'awar suka kafa don saye ko karɓar kyautar filayen da ke da kogo. Wannan mallaka za ta yi tasiri a duk abin da ya biyo baya.

Fabrairun 2006 zuwa Maris 2007: farkon lamarin

A Fabrairun 2006 wani mai shiga kogo ya ɗauki hoton jemagu a wani ɓangare da ke haɗe da kogon yawon buɗe idon nan, kimanin kilomita 52 yamma da Albany. A hancinsu akwai wani farin abu kamar an barbaɗa gari. Ba a ɗauki hoton da muhimmanci ba a lokacin. Sai daga baya aka gane cewa shi ne shaida ta farko ta cutar farin hanci, mai kashe jemagu, a nahiyar Amurka ta Arewa.

Jemagun wannan yanki ƙanana ne masu cin ƙwari. Idan sanyi ya shigo ƙwari suka ɓace, sai su shige kogwanni da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai su yi dogon barci na watanni, kamar yadda gaiwa ke binne kanta a laka ta shafe rani. Zafin jikinsu kan sauka ya yi daidai da na kogon, suna rayuwa da ɗan kitsen da suka tara a kaka. Kowace farkawa tana cin kaso mai yawa na wannan kitse.

A hunturun 2006 zuwa 2007 aka fara ganin abin da ba a saba gani ba. Jemagu na taruwa kusa da bakin kogo inda sanyi ya fi tsanani, wasu na fitowa da rana tsaka suna shawagi a kan dusar ƙanƙara. A Maris 2007 ma'aikatan hukumar kare muhalli ta jihar suka shiga wani kogo don ƙidayar da suka saba yi, suka tarar da matattun jemagu dubbai. Kogwannin da abin ya fara shafa 'yan kaɗan ne, duk kusa da juna, kuma a cikinsu akwai waɗanda NSS da NCC suka mallaka. Ke nan tun daga ranar farko matsalar a cikin gidan masu shiga kogo ta faɗo.

2008: rufewa da kansu

Zuwa hunturu na gaba cutar ta bayyana a wurare 33 cikin jihohi huɗu: New York, Vermont, Massachusetts da Connecticut. A wuraren da aka ƙidaya, yawan jemagu ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a shekara biyu. Har lokacin ana ta muhawara a kan farin abin nan, ko shi ne ke kisa ko kuwa alama ce ta wani ciwo dabam, kamar guba ko yunwa.

A farkon 2008 ƙungiyoyin da suka mallaki kogwanni a yankin suka rufe su da kansu, ba tare da wata doka ta tilasta musu ba. An kuma nemi duk wanda ya shiga kogwannin da suka kamu ya faɗi sauran kogwannin da ya je bayan nan, don a bi sawu. A nan ne tsarin reshe ya fara nuna amfaninsa. Reshe ya san wanda ya jagoranci kowace tafiya da waɗanda suka bi shi, saƙo kuma na isa ga kowa cikin kwanaki kaɗan. Uwar ƙungiya ta naɗa wakili na musamman a kan cutar, ta buɗe asusun gaggawa don tallafa wa bincike. Kuɗin da aka tara, akasari daga aljihun 'yan ƙungiya da rassa, ya haura dala 100,000 a shekarun da suka biyo baya. Ba kuɗi ne mai yawa ba idan aka kwatanta da na gwamnati, amma yana fita da sauri a lokacin da kuɗin hukuma ke bin layin ofisoshi.

Gwajin farko na tsabtace kaya ya zo da matsala. An ba da shawarar a riƙa jiƙa kaya a ruwan bilic ko wasu sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Ga takalmin roba wannan ba damuwa. Amma igiyar nailan da ɗamarar da mutum ke rataye ransa a kansu idan zai sauka rami mai zurfi, bilic na iya raunana su ba tare da ido ya gani ba. Mutane da yawa suka ƙi jiƙa igiyoyinsu, kuma suna da hujja.

2009 zuwa 2010: rufewar bai-ɗaya

A 2009 cutar ta kai New Hampshire, New Jersey, Pennsylvania, Virginia da West Virginia. A shekarar ce masana suka ba fumfunar da ke kan jemagun suna, Geomyces destructans. Fumfuna ce mai son sanyi, ba ta girma idan zafi ya wuce kimanin digiri 20 na Selshiyas, wato kogo da jikin jemage mai barci su ne daidai wurin da take so.

Ranar 26 ga Maris 2009 hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayya ta fitar da sanarwa. Ta nemi a daina shiga kogo gaba ɗaya, bisa raɗin kai, a jihohin da cutar ta shiga da waɗanda ke maƙwabtaka da su, kuma kada a kai kayan da aka yi amfani da su a can zuwa wani wuri. Sanarwar ba ta haɗa da kogwannin kasuwanci na 'yan yawon buɗe ido ba. A Afrilu da Mayu hukumar gandun daji ta tarayya ta rufe kogwanni da tsofaffin ramukan ma'adinai da ke filayenta a shiyyar gabas da ta kudu, wannan kuwa doka ce mai hukunci. Jihohi da dama suka bi sahu a nasu filayen. A Janairun 2010 wata ƙungiyar kare muhalli ta shigar da koke tana neman a rufe dukan kogwannin jemagu da ke filayen gwamnatin tarayya a faɗin ƙasar.

Ga rassan yammacin Albany abin ya zo ta fuska biyu. Kogwannin gida a rufe suke ko ana gardama a kansu. Manyan kogwannin West Virginia kuma, inda 'yan arewa maso gabas suka saba yin tafiyar kwanaki, wasu an rufe, sauran kuma ba a son a ga wanda ya fito daga New York da kayansa a ciki. Reshen da ba shi da kogon da zai kai sabon shiga ya rasa hanyar da yake renon na baya. Aka koma ayyukan sama: atisayen hawa da sauka a igiya, kwashe shara daga ramukan da ruwa ke nutsewa, yawon neman bakin sabon kogo a kan tuddai, gyaran tsofaffin taswirori.

Kan 'yan ƙungiya ya rabu. Wasu suka ce tunda ba a gama gano yadda cutar ke yaɗuwa ba, haƙuri shi ne daidai, in ya so a yi shekara nawa za a yi. Wasu suka ce rufewar masu bin doka kaɗai take hanawa, domin matasan da ke shiga da tocila ɗaya da kwalbar giya ba su taɓa jin labarin sanarwar ba, kuma yanzu ba mai ganin ɓarnarsu. Suka kuma tambaya: kogon da ya riga ya kamu, jemagunsa sun mutu, me rufe shi a tsakiyar lokacin zafi zai kare? Kuma don me za a bar dubban 'yan yawon buɗe ido su shiga nasu kogon a hana mutum huɗu masu wanke kayansu? Uwar ƙungiya ta tsaya a kan cewa tana goyon bayan rufe wuraren da jemagu ke barci, amma ba ta yarda da rufewar bai-ɗaya ba.

Ana cikin wannan cutar ta ci gaba da tafiya. A 2010 ta shiga Tennessee da Maryland, ta tsallaka Kanada zuwa Ontario da Quebec. Ta shiga kogwanni da ramukan da aka daɗe da sa wa ƙofar ƙarfe, waɗanda jama'a ba sa shiga.

2011 zuwa 2013: abin da bincike ya nuna

A Mayun 2011 gwamnatin tarayya ta fitar da shirin ƙasa na tunkarar cutar. A shekarar kuma wani gwaji da aka buga a mujallar Nature ya tabbatar da abu biyu: fumfunar ita kaɗai ta isa ta haddasa cutar ga lafiyayyen jemage, kuma tana wucewa daga jemage zuwa jemage idan jikinsu ya haɗu. An kuma gane yadda take kisa. Farin hancin shi ne abin da ido ke gani, amma ɓarnar a fiffike take, inda fumfunar ke cin fata, ruwan jiki ya rikice, jemage ya riƙa farkawa fiye da ƙima har kitsensa ya ƙare tun hunturu bai wuce ba. A Janairun 2012 hukumar namun daji ta ƙiyasta cewa jemagu miliyan 5.7 zuwa 6.7 sun mutu.

Binciken bai wanke ɗan'adam ba. An samu fumfunar a jikin jemagun Turai, daga baya ma na Asiya, ba tare da irin wannan mace-mace ba, abin da ke nuna cewa baƙuwa ce a Amurka, kuma mafi rinjayen zato shi ne ta hanyar mutum ta tsallako teku. An kuma gano cewa tana iya zama a ƙasar kogo na tsawon lokaci ko babu jemage, don haka lakar da ke kan takalmi na iya ɗaukarta. A 2013 aka sauya mata suna zuwa Pseudogymnoascus destructans.

Kowane ɓangare na gardamar ya samu abin da zai riƙe. Yaɗuwa daga kogo zuwa na kusa da shi, jiha bayan jiha, aikin jemagu ne. Tsalle mai nisa kuwa, wanda jemage ba zai iya ba, nan ne mutum ke da hatsari.

Tsarin da aka tsaya a kai

A hankali aka koma ga tsarin da ya dogara da lokaci da wuri. A New York, kogwannin da jemagu ke barci a ciki ana barinsu daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, kuma ƙungiyoyin da suka mallaki kogwanni suna bin wannan a nasu. Dalilin ya ma wuce maganar yaɗa fumfuna: jemagen da ke fama da cutar ba shi da rarar kitsen da zai ɓata wajen farkawa saboda motsin mutum da hasken fitila. Da lokacin zafi kuma ana buɗewa. Wuraren da suka fi muhimmanci ana sa musu ƙofar ƙarfe mai sanduna a kwance, da tazarar kusan santimita 15 tsakaninsu, jemage ya wuce, mutum ba zai iya ba. Ɗaukar ƙarafan zuwa bakin kogo a cikin daji sau da yawa 'yan sa-kai na rassa ne ke taimakawa.

Maganar kaya ma ta samu mafita. Ruwan zafi ya zama hanyar da aka fi so, kuma ƙa'idar ƙasa ta 2016 ta ce a nutsar da kaya a ruwa mai zafin digiri 55 na tsawon minti 20, bayan an kankare laka. Sama da wannan akwai dokar da ba ta da sassauci: kayan da suka shiga kogo a yankin da cutar take, ba a kai su yankin da ba ta je ba, ko an wanke. Masu tafiya nesa suka koma ajiye kaya kashi biyu, ko su ari na reshen da suka je wa baƙunta. Sabon shiga a yau yana koyon wannan tare da ƙa'idar fitila uku, a rana ɗaya, daga bakin mutum ɗaya.

A Maris 2016 aka maye gurbin sanarwar 2009 da sababbin shawarwari da suka fi karkata ga duba kowane wuri da halinsa. A watan ne kuma aka samu jemage mai cutar a jihar Washington, can gaɓar yamma, kimanin kilomita 2,100 daga wuri mafi kusa da aka san fumfunar ta kai.

Inda lamarin ya tsaya

Ba a tsayar da cutar ba. An tabbatar da ita a jihohi aƙalla 40 da larduna da dama na Kanada. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa nau'i uku na jemagu sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wuraren da ta shiga, cikin ƙasa da shekara goma. Ɗaya daga cikinsu, mai dogon kunne na arewa, an sa shi a jerin waɗanda ke cikin barazana a 2015, sannan daga 2023 aka mayar da shi jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. A wasu wuraren New York ƙaramin jemage mai ruwan ƙasa ya daina raguwa, waɗanda suka tsira suna haihuwa. Sai dai macen ɗa ɗaya take haifa a shekara, don haka cike gurbin zai ɗauki shekaru masu yawa. Rassan yankin suna nan, suna taro, suna kai sababbi kogo daga Mayu zuwa Satumba.

Hukunci

Rufewar farko ta 2008 daidai ce a ganina. Mutanen da suka rufe abin da suka saya da kuɗinsu, a lokacin da ake cikin duhu game da cutar, sun yi abin da ya kamata. Sanarwar 2009 ma tana da uzuri a ranar da ta fito. Kuskuren shi ne daɗewar da aka yi a kan rufewar bai-ɗaya a wurare da yawa bayan an ga cewa cutar na shiga kogon da ke da ƙofa kamar yadda take shiga wanda ba shi da ita. Matakin bai dace da hanyar da cutar ta fi bi ba, kuma ya nisanta hukuma da mutanen da suka fi kowa sanin inda kogwannin suke. Kada a manta, hoton farko na cutar mai shiga kogo ne ya ɗauka.

Masu adawa da rufewar su ma akwai inda suka zarce. Cewa jemagu ne ke yaɗa cutar gaskiya ce, amma wasu sun riƙe ta kamar ta wanke su baki ɗaya, alhali fumfunar na zaune a lakar da ke manne da kayansu.

Abin da ya yi aiki ya yi ne saboda yana da iyaka da za a iya faɗa wa mutum a jumla ɗaya, kuma akwai wanda zai faɗa masa ido da ido. Hukumar tarayya na iya rubuta digiri 55 da minti 20 a takarda, amma jagoran tafiya ne ke duba takalmin sabon shiga kafin a hau mota. Mallakar kogo kuma ita ta ba 'yan wannan yanki damar zama a teburin shawara a matsayin masu fili, su rufe da kansu, su buɗe da kansu bisa sharaɗin da suka yarda da shi. Rassan da duk kogwanninsu ke filin gwamnati sai dai suka jira abin da aka yanke musu, wasu na shekaru.